Ranar da Fidencio Bai Durƙusa Ba

Minti goma sha ɗaya kyamarar garin Lachiroa ta yi tana nuna ƙasa. 'Yan garin da ke zaune a Los Angeles ta Amurka, mutum ɗari biyu da wani abu, sun kama zaure, sun kafa majigi, sun baro wuraren aikinsu don su ga an fito da mutum-mutumin Waliyyi Isidro daga coci an kai shi gidan uban biki, wato mai ɗaukar nauyin bikin shekarar. Abin da suka gani shi ne takalma, da ɓawon lemo, da wani kare da ya zo ya shinshina ƙafar kyamarar ya yi gaba. Sauti kuwa ras, suna jin badujala, suna jin ƙararrawa. Sai da Waliyyi ya sha kwana ya shige lungu hoton ya ɗago, ya nuna musu ƙeyar mutane.

Ba na'ura ce ta lalace ba. Fidencio ne, mai riƙe da kyamarar. Da aka iso da Waliyyi gabansa sai ya cire malafa, ya cire abin kunne tare da ita, ya zube a gwiwa kamar yadda ya saba tun yana ɗan shekara shida. Ya saki hannun kyamarar, kanta ya sunkuya. Bai miƙe ba sai da mutum na ƙarshe a jerin gwanon ya wuce, don haka ake yi a Lachiroa.

Nicanor, wanda ya koya masa aikin, yana can a barandar ofishin gari yana kallon ƙaramin allo. Minti goma sha ɗayan nan kaf ihu yake a makirfo, "Fidencio! Ɗago kanta! Fidencio!" Abin kunnen na kwance a ƙasa kusa da malafa. Zuwa da kansa kuma ba hali, filin duk mutane ne a durƙushe, ba a tsallake wanda ya durƙusa.

Shi Nicanor shekara goma sha huɗu ya yi a Amurka yana ɗaukar lasifika a wuraren biki. Bai yi karatun abin ba. Ɗauka yake, yana jonawa, yana shan zagi, har ya iya. Da ya dawo gida da ciwon baya, 'yan garin da ke can suka haɗa kaya suka aiko: kyamara da mariƙinta mai ƙafa uku, da makirfo huɗu, da na'urar haɗa sauti, da wayoyi cike da buhu biyu. Buƙatarsu ɗaya ce, su riƙa ganin bikin Waliyyi lokacin da ake yinsa, tunda yawancinsu ba su da takardu, in sun fito ba komawa.

Taron gari ya zauna a watan Janairu, lokacin da ake raba hidimar shekara. A Lachiroa ba a neman hidima, ba a kuma biyan mai yinta. A kira sunanka a gaban jama'a ka ce to. Wani a ba shi tsaron gari, wani kula da famfo, wani sharar coci. A bana aka ƙara sabuwa, hidimar na'ura, aka kira mutum uku: Otilia mai injin niƙa, da Crispín direban akori-kura, da Fidencio manomi, mai shekara sittin da ɗaya. Aka ce Nicanor ya koya musu, daga nan hannunsa ya fita.

Lahadin farko da suka taru a ɗakin ajiya, Nicanor ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Yanzu duk garin nan ku aka ga dama a ba ni?"

"Mu ma kai aka ga dama a ba mu," in ji Otilia. "Ka ji mun yi kuka?"

Lahadi biyu cur bai bar su sun taɓa komai ba sai naɗe waya. Crispín ya naɗe tasa a gwiwar hannu kamar igiyar ɗaure kaya, Nicanor ya karɓa ya warware ya jefa masa.

"Wannan ba igiyar motarka ba ce. Sake."

"Haba Don Nicanor, waya dai waya ce."

"Ita ma matarka mace dai mace ce, je ka gaya mata haka. Sake."

Daga baya ya raba su. Otilia ya sa a na'urar sauti, don macen da ke gane dutsen injinta ya ci daga ƙararsa kawai ba ta buƙatar a koya mata saurare. Crispín ya ba shi rufin ofis, inda farantin intanet yake, da wayar da ake magana da mutanen can. Kyamara kuwa sai da ya gwada su duka. Ya aro jakin maƙwabci ya sake shi a fili ya ce a bi shi da hoto. Na Crispín rawa yake kamar mota a kan gargada. Otilia ta bi jakin, amma ta yanke masa kai. Da Fidencio ya kama, hoton ya bi jakin sumul har bakin famfo, ba gaggawa, ba girgiza.

"Ina ka koya?"

"Ban koya ba. Kamar garma ce. In ka kalli kusa da ƙafarka kunya ta karkace, sai ka kalli inda shanun za su."

Nicanor ya juya yana gyara wata waya da ba ta buƙatar gyara. Tun daga ranar ya daina kiransa tsoho, ya koma ce masa compadre, sunan da uba ke kiran uban baftismar ɗansa, ko da yake babu wanda ya riƙe ɗan wani a baftisma tsakaninsu.

Wata huɗu yana gasa su. Ya ɗaure musu ido da ƙyalle ya ce su jona wayoyi da lalube. Ya zare batir a ɓoye ya tsaya yana kallon agogo. Ya koya musu abin yi in ruwa ya sauko, da in mashayi ya rungumi makirfo, da in rokar wasan wuta ta fashe kusa da lasifika. Ya sa Crispín ya yi mashayin, kuma ya yi shi da kyau har Otilia ta ce wannan ba koyo ba ne, gado ne. Abu ɗaya ne bai zo masa a rai ba, Waliyyi. Shi ma ɗan garin ne. Shi ma a kan barandar, yana tsaka da ihun nan, hularsa na hannu, bai san lokacin da ya cire ta ba.

Da aka watse da yamma suka mayar da kaya ɗakin ajiya. Wayar Crispín ta yi ƙara, ya duba ya miƙa wa Nicanor kamar garwashi.

Leonor ce, babbar 'yar Don Evaristo, uban bikin bana. Shekara ashirin da biyu Don Evaristo yana jiran layinsa ya zo. 'Ya'yansa huɗu duk suna can, rabonsa da su shekara goma sha shida. Kowa a gari ya san abin da likitan birni ya gaya masa game da cikinsa, kowa kuma ya ga yadda wandonsa ya yi masa yawa.

"Kawu Nicanor," in ji ta, "ba faɗa na kira in yi ba."

"Yi abinki, 'yata. Na cancanta."

"Jikokinsa tara ne a nan, ko ɗaya bai taɓa ganinsa yana tafiya da ƙafarsa ba sai a hoto. Na tara su gaban majigi na ce ga kakanku nan zuwa. Ƙaramar ta tambaye ni wanne ne takalminsa." Ta ƙara da cewa, "Gobe ne kawai ya rage, ranar mayar da Waliyyi coci, Kawu. Ka san babu baɗi."

"Na sani."

Ya mayar wa Crispín wayar. Fidencio na zaune a kan akwatin lasifika, malafa a gwiwa.

"Gobe ni zan riƙe kyamara," in ji Nicanor.

"A'a."

"Ba tambayarka nake ba."

"Ni ma ba roƙonka nake ba. Sunan wa aka kira a taro? Naka aka kira a kyamara ko nawa?"

"Ka ga abin da ka yi yau?"

"Na gani. Waliyyi ya zo wucewa na durƙusa. Kai da ka yi zaman Amurka, gaya mini, me ake yi?"

"Tsayawa ake! A riƙe hannun kyamara! Aiki kake, ba ibada ba!"

"Hularka tana ina lokacin?" in ji Otilia, ba ta ko ɗago daga wayar da take naɗewa ba.

Nicanor ya harare ta. Ta ci gaba da naɗinta.

Crispín ya ce a ɗaure kan kyamarar da kusa, ta tsaya cak, Fidencio ya durƙusa abinsa. Nicanor ya ce to sai ta nuna bango ɗaya, Don Evaristo ya gifta cikin daƙiƙa uku, shi ke nan an gama. Gobe daga gidan uban biki za a taso, a zagaye filin gaba ɗaya, a hau matakalar coci. Dole a bi shi da hannu. Ya ce a ba Crispín. Crispín ya ɗaga hannu biyu.

"Ni? In tsaya ƙiƙam gaban Waliyyi uwata na kallo? Ka bar ni a rufina. Can ko na durƙusa faranti ba ya sunkuyawa."

Nicanor ya san abin da yake nema ba ƙarami ba ne, ta kowane gefe. Wanda aka karɓe wa hidima a tsakiyar shekara, sunansa ya mutu a Lachiroa. Ba za a sake kiransa a taro ba, in ya yi magana a ce zauna, kai da ka kasa. Akwai wani da aka karɓe wa makullin famfo shekara talatin da suka wuce, har yau jikokinsa 'yan gidan Famfo ake ce musu. Amma kuma ga Leonor.

"Compadre," ya ce, ya sassauta murya, "ko ka tsaya, ko na karɓa. Babu ta uku."

Fidencio ya daɗe yana juya malafar. Sannan ya miƙe.

"Bari in je in yi magana da shi."

"Da wa? Fada, limamin coci?"

"Me ya haɗa Fada da wannan? Da mai bikin."

Ya nufi gidan Don Evaristo, inda aka sauke Waliyyi a cikin furanni da kyandir. Nicanor ya ɗauka wajen Don Evaristo za shi. Otilia ta san ba shi ba ne.

Washegari da hantsi Fidencio ya iso kansa a buɗe, furfura a taje, ya baro malafar a gida. Ya kafa ƙafa ukun a kan dakalin tsakiyar fili, ya duba batir, ya goge gilashi, ya sa abin kunne.

"Kana ji na?" in ji Nicanor daga baranda.

"Ina ji. Ka rage ihu, ba kurma ba ne ni."

"Za ka tsaya?"

"Ka kula da allonka."

Roka ta farko ta tashi. Kafin ta fashe Otilia ta riga ta ja sautin ƙasa, tana fashewa ta mayar da shi, ko ƙyas lasifika ba ta yi ba. Badujala ta kunno kai daga lungu, sai mata masu kaskon turare, sai Don Evaristo cikin farar riga, da babban kyandir a hannu, matarsa na riƙe da gwiwar hannunsa. Bayansu maza takwas ɗauke da Waliyyi a kafaɗa, da shanunsa biyu na katako, da zangarniyar masara a rataye.

Filin ya fara zubewa daga gefen lungu, layi bayan layi, malafu na sauka. Abin ya zo har gindin dakali. Fidencio kaɗai ya rage a tsaye a cikin mutum fiye da dubu.

Nicanor ya ga hoton ya ɗan girgiza. Hoton ya daidaita.

Guna-guni ya tashi kusa da dakalin, har makirfon kyamara na ɗauka, Otilia ta rage shi. Doña Petronila, wadda ta shekara arba'in tana wanke tufafin Waliyyi, tana durƙushe dab da shi. Ta miƙa sandarta ta ƙwala masa a ƙwauri.

"Fidencio! Ka haukace? Sauka!"

Bai motsa ba. Ta ƙara masa.

"Uwarka na kabari tana ganinka, mara kunya!"

"Ki yi haƙuri, Inna," ya ce, idonsa na kan gilashi. "Na gaya masa. Ya sani."

Ya kamo fuskar Don Evaristo ya cika allo da ita. Ya bi shi a hankali, ya bar masa sarari a gabansa kamar yadda ya bar wa jakin nan. Gumi na bin wuyan tsohon, amma kansa a ɗage. Da suka zo daidai dakali, matarsa ta raɗa masa wani abu. Ya tsaya, jerin gwanon duka ya tsaya da shi. Ya juyo ya dubi kyamarar, ya ɗaga kyandir ɗin sama kaɗan, iyakar ƙarfinsa. Waliyyi na bayansa, taku biyar daga Fidencio, kuma Fidencio na tsaye.

Crispín ya leƙo daga rufi, a kan gwiwoyinsa, ya zuro wayarsa ta saman baranda.

"Don Nicanor! Saurara!"

Ba a gane maganar kowa. Zauren Los Angeles ne gaba ɗaya ke ihu da kuka a haɗe, cikin su wata ƙaramar murya na ta maimaita, "Ga shi! Ga shi nan!"

Minti arba'in da uku aka yi kafin Waliyyi ya shige coci. A cikinsu batir ya yi ƙasa, Fidencio ya ce a abin kunne, "Otilia, zan koma na biyu," ya canza tsakanin kiɗa da kiɗa. Iska ta taso ta kaɗa faranti, Crispín ya rungume shi har ta lafa. Babu wanda ya tambayi Nicanor komai. Ya tsaya hannu a aljihu, ya rasa abin yi, ya shiga tsawata wa wasu yara da ba su taɓa komai ba.

Shugaban gari ya hauro baranda ya ce, "Aikinka ya yi kyau, Nicanor."

"Ka ga na taɓa wani abu? Mai niƙa ce, da direba, da manomi. Je ka kawo mini na birni su yi rabin wannan."

A wajen cin abinci, gidan uban biki, an zuba wa Fidencio miya da naman talotalo kamar kowa, amma bencin da ya zauna ya daɗe babu kowa a kai. Nicanor ya ɗauki kwanonsa ya je ya zauna, Otilia ta biyo, Crispín ya biyo. Can Don Evaristo ya sa aka taso da shi, ya zo ya dafa kafaɗar Fidencio, aka mayar da shi kujera.

Kwana biyu bayan biki, da safe, Nicanor ya kai masara niƙa ya tarar da injin a rufe. Ya hango Otilia tana sauri da tulun ruwa, ta nufi ƙofar gari.

"Ina zuwa haka?"

"Wajen mutuminka. Ba ka san abin da ya je ya faɗa wa Waliyyi ba? Bakance ya yi. Ya ce a bar shi ya tsaya ranar biki, shi kuma zai zo masa a gwiwa tun daga gicciyen ƙofar gari."

Daga gicciyen zuwa coci ya fi kilomita ɗaya, hawa ne, kuma dutse ne aka jera tun zamanin kakanni. Nicanor ya ajiye bokitin masara a bakin hanya ya bi ta, da bayan nasa mai ciwo.

Sun same shi ya riga ya wuce gidan maƙeri. Ya naɗe wando sama da gwiwa. Duwatsun bayansa da ɗigon jini.

"Tashi, compadre. Wannan hauka ne."

"Ina kwana, Nicanor."

"Na ce ka tashi! Ni na sa ka. In akwai laifi nawa ne."

"To durƙusa mana, hanya da faɗi."

"Da ka gaya mini, da na karɓi kyamarar."

"Shi ya sa ban gaya maka ba."

Nicanor ya cire rigarsa ta sama ya yage ta biyu ya ce aƙalla a ɗaure gwiwoyin. Fidencio ya girgiza kai, ya ce ba haka suka yi da shi ba. Ya ja gwiwa ɗaya gaba, ya ja ɗayar.

"Yaya hoton ya fita wajen matakala?" ya tambaya. "Rana na gabana, na ji tsoro ya yi duhu."

"Bai yi duhu ba."

"Ban yanke wa Waliyyi kai ba?"

"Ba ka yanke wa kowa komai ba. Shekara goma sha huɗu ina ganin masu kyamara, ban ga wanda ya bi mutum kamar yadda ka bi Evaristo ba. Ka ji na faɗa, ba kuma zan sake faɗa ba."

"Otilia, ke shaida ce."

"Na ji," in ji ta. "Sha ruwa."

Mutane suka fara fitowa ƙofar gida. Maza suka cire malafa. A kwanar kasuwa Doña Petronila ta fito da tsintsiya, ba ta dube shi ba, ta shiga gabansa tana share tsakuwa, tana mita ƙasa-ƙasa cewa mutum da girmansa ba ya jin magana. Nicanor ya riƙe yagaggiyar rigar a saman kansa yana tare masa rana. Haka suka tafi. Sai da rana ta take tsaka ya kai matakalar coci, ya hau matakanta goma sha biyu a gwiwa, ya shiga ciki shi kaɗai. Da ya gama abin da ya kai shi, ya kasa miƙewa. A bayan motar Crispín aka mayar da shi gida.

Ruwan farko ya sauka bayan kwana biyar, kowa ya fita shuka, Fidencio na kwance. Gwiwar dama ta warke cikin wata guda. Ta hagu ta kumbura ta yi ruwa, aka kai shi birni aka tsaga, ta warke a sandare. Bai sake bin garma ba. Shanunsa biyu ƙaninsa ne ke aiki da su yanzu.